Sarjan Yana Tada Leɓe

Shekara shida na yi a Gazawa ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, kuma biyar daga cikinsu ban taɓa bukatar agogo da safe ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da wani tsohon soja, mutumin Gidan Rumji, wanda aure ya zaunar da shi a garin bayan ya aje aiki. Sarjan kowa ke ce masa, har matarsa. Ya ce mini duk zamansa a soja bai taɓa auna kowa da bindiga ba, na kuwa yarda, don aikinsa busa ne a fanfar, wato taron mabusa da makaɗan bariki. Abin da yake busawa wani ƙaton ƙaho ne na tagulla mai murɗe-murɗe, bakinsa ya kai faɗin kwanon wanki. In ya zauna ya rungume shi, hularsa kawai ake hangowa. A takardun soja sunan abin tuba, amma a Gazawa ba wanda ya wahalar da harshensa. Ƙahon Sarjan ake cewa.

Yadda ya fito da shi daga bariki ma labari ne. Wata mota ce ta murƙushe gefensa a wajen fareti, aka rubuta a takarda cewa ƙaho ya mutu. Sarjan ya roƙi gawar aka ba shi, ya kai wa wani maƙeri a Maraɗi suka yi wata guda suna bubbuga ta har ta farfaɗo. Tabon yana nan a gefe, kuma Sarjan ba ya son a taɓa wurin.

In ya dawo daga sallar asuba ba ya ɗaukar ƙahon tukuna. Sai ya zauna kan benci a gindin dogon-yaron gidansa, ya miƙe baya, ya soma jan numfashi. Ya ja a hankali yana ƙirgawa da Faransanci, ya riƙe, ya sake ta baki. Daga huɗu ya kai takwas, daga takwas ya kai sha shida. Safiyarmu ta farko a gidan, na ɗan kishingiɗa bayan salla, mai ɗakina ta girgiza ni ta ce in tashi in leƙa, maƙwabci yana gargarar mutuwa. Na leƙa ta kan katanga na ga mutum garas, ido rufe, yana ƙirga iska.

Daga numfashi sai leɓe. Ya saki leɓɓansa ya hura, suna kaɗawa furrr, yadda doki ke yi in ya gama shan ruwa. Wani lokaci jakin gidan gaba yakan amsa masa. Sannan ya zaro bakin ƙahon daga aljihu, wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da ake kafawa a wuyan ƙaho, a cikinsa leɓe ke zama. Wannan ɗan ƙoƙo ba ya rabuwa da shi ko masallaci za shi. Ya ɗora shi a baki ya busa shi kaɗai, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ƙarar tana fita kamar zanzaro ya maƙale a kwalba.

Sai bayan wannan duka ake ɗauko ƙaho. Ya ɗiga wa madannansa uku man keken ɗinki, ya kafa bakin, ya busa murya ɗaya tak, ta can ƙasa, ya ja ta har iskar cikinsa ta ƙare. Ya huta. Ya ƙara sauka ƙasa kaɗan ya sake ja. Wannan murya ba a kunne kaɗai ake jin ta ba, a ciki ake jin ta, kuma akwai wani murfin langa da mai ɗakina ta rataye a bango wanda kullum sai ya yi karkarwa. Bayan dogayen sai ya shiga zamewa daga wata murya zuwa wata da leɓe kaɗai, bai taɓa madanni ba. Sannan hawa da sauka, sannan 'yan gajeru na harshe, tu-tu-tu. A ƙarshe ya buɗe wani ɗan marfi a gindin ƙahon ya zubar da ruwan da ya taru, wanda shi ya rantse raɓar numfashi ce, matarsa kuma ta rantse yawu ne. Minti arba'in ke nan, ba ragi, ran salla da ran aiki. Shi ya sa wa abin suna tada leɓe.

Ni mutum ne mai son barcin safe, kuma a lokacin ina ganin duk abin da ban karanta a littafi ba shirme ne. Da na yi wata biyu ina haɗiye fushi, na same shi a ƙofar gida na gaishe shi na ce, “Baba Sarjan, don Allah busar nan ta asuba, ba a iya taƙaita ta? Ka busa waƙar kai tsaye mana, kowa ya huta.”

Ya dube ni yadda nake duban ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ya ce, “Mushe,” haka ake kiran malamin lakol a can, “kai in anka tashe ka daga kwana anka ce hwara gudu, kana iyawa? Leɓe kwana shikai kamar mutum. Sai ka lallashe shi, ka bari shi wanke ido. Wanda duk yad ɗauki ƙaho bai tada leɓe ba, kanshi za shi kunyatawa, ba ƙaho ba.”

Waƙar da nake nufi kuwa, wadda yake busawa bayan minti arba'in ɗin, na daɗe ban san ko mece ce ba. Bum. Shiru. Bum, bum. Shiru. Bum. Da na tambaye shi ya ce taken ƙasa ne, na yi dariya har da riƙe ciki. Ni ne mai sa yara su rera taken ƙasa kowace safiya a gindin tuta, na san shi daga kai har ƙafa, kuma ban ji ko ƙamshinsa a cikin bum-bum ɗin nan ba. Bai ji haushi ba. Ya ce a fanfar kowa da rabonsa, masu ƙananan ƙahoni su ke ɗauke da waƙar da kowa ya sani. “Ni ƙasa nika riƙewa, su su gina bisa. Mu huɗu munka taho yankin ga bayan aiki. Guda ya rasu, guda shina Maraɗi shina saida esansi na mota, mai ganga kuma ya bi 'yan biki. Ni ɗai na saura, to rabona nika busawa. Ban busa rabon wani.” Na ce Allah ya ba da lada, na wuce ina cewa a raina tsufa dai bai yi ba.

Duk da haka gari ya san amfaninsa. Zamanin mulkin soja, in kumandan, babban jami'in yanki, zai zo rangadi daga Agiye, sai a jera mu a bakin kwalta, yara da tutocin takarda, mata da tafi, Sarjan a gaba da tsohon kakinsa. Da mota ta tsaya sai ya busa bum-bum ɗinsa, kowa ya ƙame, jandarma su sara. A hankali abin ya zama doka marar takarda: in ka ji ƙaho da rana, babba ya iso. Da asuba Sarjan ne yake fama da leɓensa, ba wanda ya kula, amma da rana ko tuwo kake tuƙawa sai ka aje muciya. In baƙo ya makara, Sarjan yakan zaga bayan likita, wato asibitin garin, ya cusa tsohuwar riga a faffaɗan bakin ƙahon ya ɗan tada leɓe a ɓoye. Jama'ar lokacin ba ta ɗokin kowa, an tattaro ta ne, saboda haka ba wanda ke motsi sai ya ga mota da idonsa.

Sai dimokuraɗiyya ta zo. Ban san yadda ta shiga wasu garuruwa ba, amma a Gazawa da hayaniya ta shigo. Mutanen da na sani shekara da shekaru ba sa iya ɗaga ido su dubi gardi, wato dogarin gwamnati, dare ɗaya suka zama masu ra'ayi. Kowace rumfar shayi ta zama buro, wato ofishin jam'iyya, kowane mai babur ya ɗaura ƙyalle. Wani maƙwabcinmu tela ya zo ya shaida wa Sarjan cewa yanzu yana da 'yancin barci. Sarjan ya ce madalla, shi ma yana da 'yancin busa, sai a jira zaɓe a ga wanda zai ci. Mu malamai kuwa muna yajin aiki rabin shekara muna bayani a kan makomar ƙasa a gindin itace, kuma ni ina cikin masu dogon bayani.

Jam'iyyu suka yi ta sintiri a ƙofar Sarjan, kowace tana son ƙaho a mitin ɗinta. Wata ma ta zo da gwangwanin fenti za ta shafe shi da launinta kyauta. Duk ya sallame su da magana ɗaya, cewa ƙahon na ƙasa ne, ba ya busa wa mai neman kujera, sai wanda ya hau. Kowace jam'iyya ta tafi da tabbacin cewa tsohon ɗan ɗayar ce.

Ana cikin haka haƙoransa biyu na gaba, na sama, suka soma girgiɗi. A kansu leɓe ke jingina in ana busa. Dasashi ya kumbura, wani lokaci sai ya gama tada leɓe ya tofar da jini. Majo, babban ma'aikacin likitar garin, ya duba ya ce a cire su tun ciwon bai shiga ƙashi ba, kuma in an cire, busa ta ƙare. Sarjan ya ce ya ji, amma a ba shi lokaci. An riga an yi zaɓe, yankinmu ya sami depite, ɗan majalisa na farko da muka jefa wa ƙuri'a da hannunmu, kuma an ce zai zo godiya. Sarjan ya ce wa majo ya gyara ƙarafansa, washegarin tarba zai kawo kansa da kansa.

Ni ya gaya wa dalili, wata la'asar muna zaune a kan bencinsa. Ya ce, “Shekara talatin ina busa ma masu bindiga da waɗanda masu bindiga sunka naɗa. Ina son in busa sau guda ma wanda mutane sunka zaɓa, in aje.” Sannan ya ce, “Mushe, ka ba ni yaranka. Su ɗauki waƙa, ni in riƙe ƙasa. Kwana ukku ya isa mu haɗa. Garin ga bai taɓa jin taken ga cikakke ba.”

Na ce in sha Allahu. Irin in sha Allahun nan ce da mai faɗa da mai ji duk sun san inda ta dosa, sai dai shi Sarjan soja ne, ya ɗauke ta da gaske. Gaskiyar magana, kunya nake ji a gan ni ina kaɗa hannu gaban yara ana bum-bum a bayana, ga abokaina na gindin itace suna kallo. Ya tuna mini sau biyu, na ce yajin aiki ya watsa yara. Na uku bai tuna mini ba.

Shirin tarba yana hannun sakataren jam'iyya, wani matashi da ya bar fataucin mai a bakin iyaka ya sami tebur da hatimi. Jam'iyyu uku ne suka haɗa kai suka ci zaɓen, saboda haka shugabanni uku ne za su tsaya a gaba, kuma kowanne ya ƙudura hannunsa depite zai fara kamawa. Sakatare ya tsara komai a kan abu ɗaya. Da an ji ƙaho mata su rangaɗa guɗa, makaɗa su ɗauka, mahauci ya kwantar da rago, yaran lakol su ɗaga tuta, mai jawabi ya kama lasifika. Ya ce wa Sarjan, “Baba, kai ne makullin taron ga. Ƙarfe goma na safe mai girma zai iso.” Yara dai na kawo su, tunda ɗaga tuta ba ya bukatar gwaji.

Ranar, Sarjan ya yi minti arba'in ɗinsa da asuba, ya sa kakin da matarsa ta goge, muka hallara a filin bakin kwalta. Bazara ce, rana tun da hantsi ta fara duka. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Wajen sha biyu na ga Sarjan yana taɓa bakinsa da yatsa. Ya raɗa mini cewa leɓe ya koma kwana. Ya saɓi ƙahon ya zaga bayan katangar lakol, ya cusa tsohuwar rigar nan a ƙaho, ya ja murya ɗaya a hankali yadda ya saba yi zamanin kumandan.

Abin da bai lissafa ba shi ne wannan jama'ar ba tattaro ta aka yi ba, da ƙafarta ta zo, kuma kunnenta a buɗe yake. Muryar ƙahon nan ba ta san katanga ba. Kafin ya kai ƙarshen numfashi guɗa ta tashi, ganguna suka ɗauka, mahauci ya yi bisimilla ya yanka rago. Shugabannin uku suka ruga bakin hanya suna ture juna da manyan riguna, mai jawabi ya kai layi na huɗu. A kan kwalta ba kowa sai wata akuya tana tsallakawa. Sakatare ya zo yana huci ya ce, “Haba Baba! Ka ga abin da ka jawo?” Sarjan ya yi masa bayanin leɓe tun daga numfashi. Sakatare ya ce leɓe ya yi haƙuri, yau ranar ƙasa ce.

Aka yi azahar aka dawo. Naman rago ya soma tara ƙuda, yarana suka mai da tutoci mahuci. Sarjan ya daure har gab da la'asar, sannan na ga ya sulale. Wannan karon ya yi nisa, har bayan rumbunan da ke kan hanyar Gangara, yana ganin daga can ba mai ji. Rashin sa'a, daidai lokacin da muryar ta iso fili wata tsohuwar taksi ta kunno kai daga kasuwar Gangara, kaji a ɗaure a kanta, buhuna a baya. Ga ƙaho, ga mota, wa zai tsaya tambaya? Jama'a ta yi mata zobe. Direba ya ɗauka bore ne, ya kashe mota ya ɗaga hannuwa sama. Wani dattijon Bafillace da ke gaba ya buɗe ƙofa ya sauko da sandarsa, shugabanni uku suka kama hannunsa lokaci guda, wata mata ta durƙusa ta miƙa masa ruwan maraba. Ya shanye tas, ya goge baki, ya dubi taron ya ce, “Mi yetti, na gode. Lalle mulki ya sake.”

Sakatare bai yi dariya ba. Ya je har bayan rumbuna ya taho da Sarjan, a gaban mutane ya miƙa hannu ya ce a ba shi ɗan ƙoƙon. Na zaci tsohon zai ƙi. Ya dube shi, ya dubi hatimin da ke leƙowa daga aljihunsa, sai ya zare bakin ƙahon ya ba shi. Shekara talatin na bin umurni ba sa fita daga jiki don an yi zaɓe. Sakatare ya jefa shi aljihu cikin goro da makullai ya ce in mai girma ya iso zai mayar.

Sarjan ya koma kan kujerarsa da ƙaho marar baki a cinya. Kuncinsa na hagu ya kumbura, ana gani daga nesa. Ya yi ta jan numfashi yana ƙirgawa. Da ya saki leɓe ya yi furrr ɗin nan na doki, yarana suka fashe da dariya, ni ma na murmusa, Allah ya yafe mini. Ya daina. Can ya yafito ni ya ce, “Mushe, yaran nan ko ba gwaji suna iyawa. In na ɗaga kai ka sa su shiga.” Na ce babu wannan a takardar sakatare, kuma yara sun gaji. Ya gyaɗa kai.

Rana ta yi ja sannan motoci uku suka tsaya, na gaske. Depite ya fito cikin farar shadda, mutum mai fara'a, yana ɗaga hannu biyu. Sakatare ya rugo ya danƙa wa Sarjan ɗan ƙoƙon ya ce, “Busa, Baba, busa!” Sarjan ya goge ɓarɓashin goro da bakin riga, ya kafa, ya miƙe tsaye, ya ɗauki taken ƙasa kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Iska ce kawai ta fita. Ya sake, sai wata ƙara ta fito wadda ba a yi a gaban surukai. Aka ji 'yan dariya daga baya. Gumi ya keto masa.

Sai ya rufe ido ya koma farko. Ya ja dogon numfashi, ya busa murya ɗaya ta can ƙasa, ya ja ta har iska ta ƙare. Jandarma biyu da ke wurin suka sara. Depite ya ɗora hannu a ƙirji. Shugabannin uku suka ƙame, makaɗa suka dafe ganguna, fili ya yi tsit. Ni tun daga muryar farko na gane, ai wannan ce mai sa murfin langar mai ɗakina karkarwa. Sarjan leɓe yake tadawa, Gazawa kuma ta miƙe masa tsaye. Ni ma na ƙame, har ina harar yaran da ke motsi.

Ya sauka ƙasa ya sake ja, ya sake, ya shiga zamewa, ya yi hawa da sauka. Ina jin leɓen yana farkawa, muryar tana cika tana zama sumul. Minti arba'in ya matse su cikin biyar, kuma na san abin da hakan ya ci masa. Wata tsohuwa kusa da ni tana share hawaye. Ya yi tu-tu-tu ɗinsa, ya buɗe ɗan marfin ya zubar da ruwa, na ga ruwan da ja-ja. Sannan ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kai, ya dube ni, ya cika ƙirji da iska zai fara.

A cikin wannan ɗan shirun sakatare ya tafa. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, guɗa, ganguna, lasifika. Depite ya tako har gaban Sarjan ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, “Baba, ko a Yamai ban ji an busa taken ƙasa da natsuwa haka ba. Wallahi har cikin raina na ji shi.”

Sarjan ya ce, “Ranka shi daɗe, ban hwara ba.”

Lasifika ta yi ƙara daidai lokacin, ba wanda ya ji sai ni. Sakatare ya dafa kafaɗarsa ya ce an gode, a matsa da ƙahon, ana son wurin ɗaukar hoto.

Ban tsaya jawabi ba. Na sallami yara na bi bayansa. Na ce ya kawo in ɗaukar masa, ya ce ya saba. Muna tafe har muka wuce masallaci, sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, “Shekara da shekaru ina ganin sun miƙe, ina cewa sun sani. Ashe ko tari na yi cikin ƙahon ga miƙewa za su yi.” Da muka kai ƙofa ya juyo ya ce, “Kai dai ka sani, Mushe.” Na ce na sani, Baba. Ya ce, “To.” Ya shige gida. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Washegari bayan asuba na zauna a tsakar gida, ban koma na kwanta ba. Na ce a raina yau ba zai yi ba. Sai na ji ƙirga ta fara da Faransanci, huɗu, takwas, sha shida. Ya yi na doki, ya yi na zanzaro, ya yi dogayen, murfin langa ya yi karkarwarsa. Bai rage ko numfashi ɗaya ba, kuma wannan ne karo na farko da na saurari minti arba'in ɗin daga farko har ƙarshe. Na ji ya zubar da ruwa. Na ji ya ja iska.

Ban shirya ba. Miƙewa kawai na ga na yi, asuwaki a hannu, na ɗauki waƙar daga nan bayan katanga. Muryata ta safe ce, a dishe. Amma ban kai ƙarshen layin farko ba na ji abin da shekara biyar ban ji ba. Duk inda waƙar za ta taka, bum ɗinsa yana wurin ya riga ni. Shirun da nake yi wa dariya wurina ne aka bari. Inda waƙar ta hau muryata ta yi rawa, sai na ji shi a ƙarƙashina daram, ya riƙe ni har na sauko. Mai ɗakina ta fito daga madafa ta tsaya da ludayi a hannu. Muka kai ƙarshe tare, ni ina kuka kamar yaro, ba kuma kukan kishin ƙasa ba ne, na kunya ne.

Can ya ce daga bayan katanga, “Mushe.”

Na ce, “Na'am, Baba.”

Ya ce, “Ka yi gaggawa ga tsakiya. Kuma ka shigo ba ka tada murya ba.”

Na ce, “Gobe zan tada, Baba.”

Na ji ya shigar da ƙahon ɗaki, na ji ƙarar ƙofar gida. Da hantsi ya dawo daga wajen majo, ƙyalle a baki, matarsa tana riƙe da hularsa.

Washegari na makara zuwa lakol.